Ƙannena da kuka gama makaranta, ku fita ku dawo lafiya

Assalamu alaikum ƙannena, maza da mata. Barkanku da ajiye alƙalami. Shekara da shekaru kuna sammako, kuna raba dare da littafi, yau ga shi an karɓi takardar ƙarshe. Ba ni da bakin cewa kada ku yi murna, kun ci ku yi. Abin da ya hana ni yin shiru shi ne kwanakin nan da ke tsakanin gama jarrabawa da fitowar sakamako, kwanakin da babu ƙararrawa, babu kiran suna, babu malamin da zai tambayi ina wane.

Bari in fara da mota, don can ne hankalina ya fi tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana cin rayuka kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wato ku ke nan. Kun san yadda abin yake faruwa. Motar mutum biyar an cusa bakwai, kiɗa ya cika kunne, wanda ke riƙe da sitiyari bai daɗe da koyon tuƙi ba, na baya kuma suna ta ihu, "Taka ta! Ba ta wuta!" Shi kuwa ba ya so a ce masa matsoraci. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. In ya sunkuya ya duba waya na daƙiƙa uku, ya shafe fiye da mita 80 ido rufe, ya kusa tsawon filin ƙwallo, da rayukanku duka a hannunsa. Ɗaura bel yana rage yiwuwar mutuwa da kusan rabi. A kan babur, hular kwano ita ce tsakanin kai da kwalta. Direban da ya kwana bai runtsa ba, ko ya sha wani abu, kada ka shiga motarsa ko da aminin ka ne na ƙut da ƙut.

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma ba a ce ka je ka tare shi a hanya ba.

Me ya sa yaro mai hankali a gida yake zama wani daban cikin abokai? Ba rashin tarbiyya ba ne kullum. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, mai auna abin da zai biyo baya ya taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, zuga kuma tana danne shi. Don haka kada ka bari sai ka shiga hayaniya sannan ka yi shawara. Tun kana ɗaki, kai kaɗai, ka yanke abin da ba za ka yi ba, da lokacin da za ka dawo, da yadda za ka dawo. Masu ingiza mai kantu ruwa suna tsaye ne a kan tudu.

Ruwan ma na gaske yana ci. Mutane wajen 300,000 ne ke nutsewa duk shekara a duniya. Mai nutsewa ba ya ihu kamar yadda ake zato, numfashin da zai yi ihun da shi ma nemansa yake, sai dai ka ga kai yana ɓullowa yana komawa. Kada ka yi alkafura cikin ruwan da ba ka san zurfinsa ba. In wani ya faɗa, miƙa masa sanda, jefa masa igiya ko jarkar da babu komai a ciki, ka kira manya. Da yawa sun bi aboki don ceto, aka fito da gawa biyu.

Sai ƙwaya da abin sha. A irin taron murnar gama makaranta ne ake cewa "ɗaya kawai, yau rana ce." Tramadol na iya jefa mutum cikin farfaɗiya, shi da kodin kuma suna rage numfashi, balle an haɗa su da giya ko maganin barci. Ƙanwata, kofin da kika ajiye kika juya baya, bar shi, ɗauki wani. Kun fita ku uku, ku dawo ku uku, kada a bar ɗaya a hannun wanda aka haɗu da shi yau. Kai kuma ƙanena, wadda ba ta cikin hayyacinta amana ce a wuyanka har ta isa gida. Abin da aka ɗauka a waya aka tura, babu mai iya janye shi.

Ga maganar da na fi so ta zauna muku. In abu ya lalace, tsoron faɗan gida shi ke ƙarasa ɓarnar. Aboki ya zube, sai ka ji ana raɗa, "Kada a kira kowa, za mu shiga uku. A bar shi ya yi barci, zai wartsake." Wannan magana ta kashe 'ya'yan mutane. In kun girgiza shi bai farka ba, numfashinsa ya yi ƙasa ko yana wani irin minshari mai nauyi, leɓɓansa sun canza launi, wannan ba barci ba ne. Kada ku bar shi rigingine, amai zai iya shaƙe shi. Ku juya shi ya kwanta a kan gefensa, ɗaya ya zauna yana lura da numfashinsa, ɗaya ya kira agajin gaggawa da wani babba. Kada ku ɗura masa komai a baki. Ƙwaƙwalwar da ta rasa iska mintuna kaɗan ne ta fara lalacewa. A asibiti ku faɗi ainihin abin da ya sha, da yawansa, da lokacin da ya sha, don da wannan likita zai yi aiki. Za a yi muku faɗa, ban ce ba za a yi ba. Amma faɗan kwana biyu ne, zuwa gaban mahaifiyar aboki a yi mata ta'aziyya kuwa ba ya barin zuciya.

Shi ya sa nake roƙonku, kafin ku sa ƙafa waje, ku zaɓi babba ɗaya, Baba ne, Mama ce, ko yaya, ku faɗa masa inda za ku da waɗanda za ku tare. Ku cika wayarku da caji, ku haddace lambarsa ko da wayar za ta ɓata. Ku ce masa, "In na kira ka ƙarfe biyun dare, ka zo ka ɗauke ni tukuna, tambayoyi sai da safe." Ban ga uban da za a yi wa wannan magana ya ƙi ba.