Tsakaninka da Allah, ta shiga ko ba ta shiga ba?

A gidanmu maganganu uku aka hana ni ɗaukowa a gaban baƙi: rabon gonar kakanmu, bashin da nake bin ƙanin matata, da fanaretin Victor Ikpeba. Biyun farko ina iya danne zuciyata. Na ukun ne ko likita ya hana ni sai na taɓa.

Ga waɗanda aka haifa jiya, bari in ba ku labari. A shekarar 2000 Najeriya da Ghana ne suka haɗu suka karɓi baƙuncin gasar cin kofin nahiyar Afirka, har aka buga wasu wasannin a nan Kano, a filin wasa na Ƙofar Mata. Lokacin ina saurayi, ina koyon ɗinki a shagon maigidana. Yunwar gasar muke ji, don tun da muka ɗauki kofin a 1994 ba mu sake leƙawa ba: a 1996 muka ƙi zuwa, a 1998 aka hana mu. Da muka dawo kuwa muka dawo da ƙarfinmu. Senegal ta so ta ba mu kunya, Julius Aghahowa ya shigo ya zura biyu ya fitar da mu. Tijjani Babangida, ɗan Kaduna, ya ɗura wa Afirka ta Kudu biyu shi kaɗai. Saura wasa ɗaya, da Kamaru, a Surulere, a gidanmu, a gaban mutanenmu. Wa zai hana mu?

Saboda tsabar tabbaci, kwana uku na yi ina satar lokaci a kan keken maigida, na ɗinka wa kaina riga kore da fari da kore, wadda zan sa in zaga gari a kan babur bayan an tashi. Na goge ta, na ninke, na sa a leda, na tafi da ita zauren da muke kallo.

Ranar Lahadi 13 ga Fabrairu ce. Mun fi mutum arba'in a kan talabijin ɗin da bai fi faifai girma ba, an ɗora shi a kan duro, janareto na ta tari a waje. Kafin a yi minti 35 Samuel Eto'o, yaro ɗan shekara 18, da Patrick Mboma sun zuba mana biyu. Zaure ya yi tsit kamar gidan makoki. Gab da hutun rabin lokaci Raphael Chukwu ya rage ɗaya. Ana dawowa, wasu ma ba su gama zama ba, Okocha ya ɗaɗa wata daga nesa, sai dai muka gan ta a raga. Wani tsoho da ban taɓa gaisawa da shi ba ya rungume ni har hularsa ta faɗi. Aka yi ƙarin lokaci, babu ci. Aka tafi fanareti.

Kanu ya buga, gola Alioum Boukar ya tare. Muka ce ƙaddara ce, Kanu ya yi mana rana a baya, an yafe. Sai Ikpeba ya zo. Ya buga, ƙwallon ta daki ƙarfen sama, ta dira a bayan layi, ta yi tsalle ta fito. A bayan layi, jama'a. Talabijin ta maimaita, duniya ta gani. Alƙalin wasa, wanda ba a ambatar sunansa a gidana, ya ce ba ta shiga ba. Shi kuma Ikpeba, maimakon ya ruga yana murna, sai ya ɗora hannu biyu a ka. Marigayi Marc-Vivien Foé ya ɓarar da tasa, Sunday Oliseh ya ci tamu, Rigobert Song ya zo ya rufe mu ruf. Ci 4 da 3. Na ɗauki ledata na koma gida ta lungu.

Tun daga ranar na yi aure, na haifi 'ya'ya biyar, na buɗe shagona, na yi furfura. Na manta lambar wayata ta farko, na manta sadakin da na biya, amma in ka tashe ni tsakar dare zan nuna maka inda ƙwallon nan ta dira. Na canza waya sau shida, kuma duk sabuwar da na saya, bidiyon nan nake fara turawa kafin hotunan yara. Ko da muka ɗauki kofin a 2013, ana ta murna a titi, ni lissafi nake yi: da yanzu huɗu ke nan.

To, kwanan baya ɗan yayana ya samo matar aure. Yaya ƙafa ta matsa masa, sai ya ce ni zan jagoranci kai kuɗin gaisuwa da neman sa rana, tare da limamin unguwarmu da wani amininsa. Ana gobe za mu je, yaron ya same ni a shago yana ta murza hula.

Ya ce, "Baffa, akwai abin da ban gaya maka ba. Mahaifinta asalinsa mutumin Garwa ne, ya daɗe a nan yana kasuwancin atamfa. Kuma yayansa, wanda shi ne waliyyi, ya taso takanas daga can."

Na ce, "Wace Garwar?"

"Ta Kamaru, Baffa."

Na ajiye almakashi na ce to mene ne a ciki? Ai 'yan'uwanmu ne, Hausa ɗaya, alƙibla ɗaya, kogin Binuwai ɗaya muke sha. Shi yaron an haife shi bayan abin ya faru, kuma don rashin kunya har hoton Eto'o ya taɓa mannawa a ɗakinsa saboda Barcelona, amma ya san halina. Da daddare maiɗakina ta ƙara da nata. Ta ce, "Malam, aure za ka nemo, ba kofi ba. In ka ji abin ya taso maka, ka sa goro a baki." Na ce wai ni yaro ne? Da safe dai na tarar ta zuba min goro biyar a aljihun babbar riga.

An karɓe mu hannu bibbiyu. Falo mai shimfiɗa, ga dabino, ga lemon zaƙi a faranti, ga ruwan sanyi. Waliyyin dattijo ne fari siriri, mai magana a hankali, Hausarsa da ɗan gishirin Fulatanci, carbi a hannu. Liman ya buɗe da addu'a. Na gabatar da abin da ya kawo mu cikin natsuwar da ni kaina na yi mamaki, na miƙa ambulan da ƙwaryar goro da alawa. Aka karɓa, aka sa albarka, aka ce sun ba mu. Saura sa rana kawai mu tashi. Da na tashi a nan, da yanzu ana kirana dattijon arziki.

Sai neman suna ya sa na ce, "Alhaji, ya hanya? Ko wannan ne zuwanka Najeriya na farko?"

Ya yi murmushi ya ce, "A'a, na saba zuwa. Zuwana na farko ma har Legas na kai, ina da sauran ƙarfi lokacin. A 2000. Ƙwallo muka je kallo."

Na sa goro na farko a baki.

"Wasan ƙarshe," in ji shi. "Allah ya sa kuma wurin zamanmu ta bayan ragar da aka buga fanareti ne."

Na sa na biyu, ban gama tauna na farko ba. Aminin Yaya ya taka min ƙafa. Liman ya fara gyaran murya yana cewa to, batun rana. Amma ku yi min adalci: shekara 25 ina neman shaidar gani da ido, yau Allah ya kawo min shi har Kano, ya zaunar da shi a gabana da carbi a hannu, a ce in tambaye shi ya damina?

Na haɗiye goron na ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah. Ta Ikpeba. Ta shiga ko ba ta shiga ba?"

Bai ko daina jan carbinsa ba. Ya ce, "Ta shiga mana. Ai kowa ya san ta shiga."

Ban taɓa jin an kwance ni irin haka ba. Kamar ka tattaro ƙarfinka duka ka bangaji ƙofa, ashe a buɗe take. Hujjojin da na tara tun ina saurayi, da bidiyon da ke cikin wayata, da bayanin inuwar ƙwallo a kan ciyawa wanda na ƙware a kai, duk suka tsaya min a wuya babu wanda zan ba.

Na ce, "Ta shiga fa ka ce."

"Ta shiga."

"To don me kuka karɓi kofin?"

"Miƙo mana aka yi, Malam. Ana mayar da hannun kyauta baya?"

Mahaifin yarinya ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa tunda an hana ni gardama, sai na shiga kawo hujja a kan abin da babu wanda ya musa. Na ciro waya. Dattijon ya karɓa, ya kalla har ƙarshe cikin ladabi, ya ce lalle kuwa, ga ta nan a ciki. Sannan ya miƙo min ya ce, "Amma ko da an ƙirga ta, ai 4 da 4 za a tashi, a ci gaba da bugu. Wa ya ce muku ku za ku ci?"

Wannan lissafin na san shi tun 2000. Ban dai taɓa barin kowa ya faɗe shi a gabana ba.

Ya ja ƙwayar carbi ɗaya ya ce 1984 a Abidjan, 3 da 1. Ya ja wata ya ce 1988 a Kasabalanka, ɗaya da nema. Ya ja ta uku, bai ce komai ba, ya dube ni kawai. Na ce to mu ma ai mun fitar da ku a 2004, mun fitar da ku a 2019, a 2024 kuma Lookman ya zuba muku biyu, Song ɗin naku yana tsaye a bakin fili yana koci. Ya gyaɗa kai ya ce, "Gaskiya ne. A cikin ranakun nan uku, wacce aka ba da kofi?"

Na lalubi aljihu, goro ya ƙare.

"Abin da ya rikita alƙalin," in ji shi, "ɗan wasanku ne da kansa. Wanda ya ci ƙwallo ba ya ɗora hannu a ka."

Nan ya taɓo inda yake min ƙaiƙayi, don ni ma shekara da shekaru ina tambayar abin da ya kai hannun nan kai. Amma a gaban mutumin Kamaru ba zan yarda ba. Na miƙe na ce a ba ni wuri in nuna yadda abin ya faru, don a gane cewa mai bugu ba ya iya ganin inda ta sauka. Na naɗe hannun babbar riga a kafaɗa. Na ɗauki lemo ɗaya a faranti na dasa a kan kafet. Na ce ƙofar nan ta shiga tsakar gida ita ce raga, saman ƙofar shi ne ƙarfe, dokin ƙofa kuma layi. Liman ya ce, "Malam, a bar wa Allah." Na ce minti ɗaya, Allah gafarta Malam.

Niyyata in ɗan taɓa shi ya gangara. Amma ƙafar da ta yi shekara 25 tana jiran wannan bugun ba ta nemi shawarata ba. Lemon nan ya tashi kamar an harba shi da gwafa, ya daki saman ƙofa daidai, ya yi ƙasa. A daidai lokacin ƙanwar amarya ta ɗago labule da sallama, riƙe da ƙatuwar ƙwaryar fura da nono wadda uwar amarya ta dama da hannunta saboda manyan baƙi.

Ban san lemo na da nauyi haka ba. Fura ta yi sama, ta sauko a kan hijabin yarinyar, da labule, da bango. Ludayi ya yi nasa wuri. Daga can cikin gida na ji muryar mace tana cewa, "Lafiya? Me ya faɗi?"

Babu wanda ya amsa. Sai da na ga duk falon ni ake kallo, ba ƙwaryar ba, sannan na lura da inda hannayena suke. Duka biyun suna kaina.

Dattijon ya leƙa ya duba inda yarinyar take tsaye, ƙafafunta a bayan dokin ƙofa. Ya ce, "Liman, kai ne alƙali. Ta shiga?"

Liman, mutumin da nake bin sallarsa shekara 15, ya share ɗigon nono daga gemunsa ya ce, "Ta shiga. Amma tunda mai bugun ya ɗora hannu a ka, ba za a ƙirga ba."

Dariyar da aka yi har matan cikin gida sai da suka taya, ba tare da sun san dalili ba tukuna. Na ba da haƙuri ya fi sau goma, na ce zan ɗinka wa yarinya sabon hijabi kyauta, da labule. Dattijon ya kama hannuna ya zaunar da ni kusa da shi, ya ce rabon da ya ji daɗin zuwa Najeriya irin na yau tun 2000. Daga nan aka koma batun rana. Ya ce su dai suna so a yi kafin azumi, kuma ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci. Ya sa aka ɗauko kalanda, ya bi da yatsa a hankali, ya tsaya.

"13 ga Fabrairu," in ji shi. "Ina ganin Malam ba zai manta ba."

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Yaya ya kira ya ce daga yau ko kuɗin cefane ba zai sake aike na da shi ba. Maiɗakina kuwa ba ta ce uffan ba. Ta shiga ɗaki, na ji tana jan tsohuwar akwatina ta ƙarƙashin gado, ta fito da wata leda da ta yi laushi don tsufa. Rigar nan ce kore da fari da kore, da karin gugarta tun na wancan ƙarnin.

Ta ce, "Tunda rana ta zagayo, sai ka sa abarka ranar ɗaurin aure. Gwada mu gani."

Na zura kai, na zura hannu ɗaya, na zura na biyu da ƙyar. Da ta iso kan tumbi sai ta tsaya cak. Na ja, na riƙe numfashi, na sake ja, ɗinkin hammata ya yi ƙara. Maiɗakina ta zagaya ni sau ɗaya, ta duba gaba ta duba baya, ta kira yara su zo su shaida.

Ta ce, "Malam, wannan kam ba ta shiga ba."