Babban Yatsana a Ƙarƙashin Tekun Zanzibar

Tun a bakin ruwa a Nungwi, can ƙuryar arewacin Zanzibar, malamin nutson ya soma ɓata min rai. Yaro ne sa'an ƙanena, amma sai kaka yake ce min. Kaka zo nan, kaka ɗaga hannu. Har na shafa gemu ko furfura ce ta tona min asiri. Ashe a Suwahili kaka na nufin yaya.

Ya jibga min kaya kamar ɗan dakon kasuwar Singa: tukunya mai lita 12 da aka ɗura wa iska har bar 200 a ma'aunin matsin iska, wato lita 2,400 na iskar nan da muke shaƙa kullum, ba oksijin zalla ba yadda mutane ke zato. Ga rigar da ake hura wa iska, ga bel mai dalma kilo 6, ga takalma irin ƙafar agwagwa. Gilashin fuska kuwa cewa ya yi in tofa masa yawu, in goga, in ɗauraye, don kada ya yi hazo. Na waiga, sai ga wata Baturiya tana tofa wa nata hankali kwance.

Dokoki uku ya ba ni. Kada ka riƙe numfashi, domin a zurfin mita 10 matsin ruwa ya ninka na sarari, iskar da ka riƙe a huhu kuma kumbura take in kana hawowa. Ka toshe hanci ka hura a hankali duk mita ɗaya, tun kafin kunne ya fara ciwo. Ta ukun ta shafi alamun hannu ne, ita ce kuma na saurara da kunne ɗaya.

Muka isa kusa da tsibirin Mnemba, muka bi igiya muka gangara. A mita 8 sai ga kunkurun teku ya kai faifai uku, yana tafiyar sarauta a kan duwatsun murjani, ƙananan kifaye masu ruwan lemo da farin zane suna leƙe daga gidansu. Malam ya haɗa babban yatsa da manuni ya yi da'ira, wato lafiya? Ni da Facebook ya raina, sai na ɗaga masa babban yatsa. Don ya san daɗin ya kai, na ƙara da na hagu.

A ƙarƙashin ruwa wannan alamar ma'anarta ɗaya ce: mu hau sama, an gama. Ba a kuma yi wa mai ita musu. Ya cafke rigata, ya saki iskar cikinta, muka yi ta hawowa a hankali, ba ma wuce ƙananan kumfan numfashinmu. Muna fitowa ya ce, "Kaka, me ya same ka?" Na ce kunkurun ne ya burge ni. Ya daɗe yana kallon sama.

A komawa ta biyu gashin baki ya ci amanata. Robar gilashin ba ta kama fata in akwai gashi a ƙarƙashin hanci. Masu gashin baki basilin suke shafawa ko su ɗan aske layin sama. Ruwa ya taru har ƙasan idona. Maganin sauƙi gare shi: ka danne saman gilashin a goshi, ka ɗaga kai, ka fesar da iska ta hanci. Ni sai na shaƙa. Ruwan gishiri ya kai min gaisuwa har ƙwaƙwalwa.

Ina cikin tari na ga wani abu kore-kore yana fita daga yatsana. Na ce shi ke nan, wani abu ya sa min dafi. Jinina ne kawai, ƙwanson da ya manne a igiya ya yanke ni. Ruwa yana shanye jan launi tun daga wajen mita 5, shi ya sa jini ke komawa kamar miyar kuka.

Kafin minti 20 agogon iskata ya nuna bar 50, ma'aunin da ake juyawa gida ke nan, alhali na Baturiyar yana sama da 120. A mita 10 kowane numfashi yana cin ninkin abin da yake ci a sarari, ni kuma ga haki ga fafutuka da hannuwa. Muka tsaya minti 3 a mita 5 don jiki ya rage iskar naitirojin da ta taru a cikinsa, ina rungume da igiya kamar ɗan goyo.

Da kwalekwale ya dawo da mu ruwa ya janye, sai muka sauka a inda bai wuce gwiwa ba. Na yi hamdala, na taka ƙafa babu takalmi, daidai kan bushiyar teku. Ƙaya bakwai na ƙirga a dunduniya. Aka jiƙa ƙafar a ruwan zafi, wani dattijo ya tsaga ɗanyen gwanda ya ɗiga min ƙaronsa. Malam ya tsuguna a gabana, ya sake yin da'irar nan yana danne dariya. Na shimfiɗa tafin hannu, na karkaɗa shi hagu da dama, na nuna dunduniya.

"Yawwa kaka," in ji shi, "ashe ka ji darasin."