Ƙofar da ake rufe wa ɗan aiken sarki a Landan

Duk lokacin da Sarki Charles na Uku ya je buɗe zaman majalisar Birtaniya, sai bidiyon nan ya yi ta yawo a Facebook: ɗan aiken sarki riƙe da baƙar sanda, an banko masa ƙofar zauren majalisar wakilai, sai ya ƙwanƙwasa sau uku kafin a buɗe. Nan take masu sharhi su hau cewa wasan kwaikwayo ne na Turawa. Maganar nan tana ɓata mini rai, domin jahilcin tarihi ne tsagwaronsa.

Ranar 4 ga Janairun 1642, Sarki Charles na Ɗaya ya zo da dakarunsa ya kutsa zauren majalisar wakilai zai kama 'yan majalisa biyar, ya tarar sun sulale. Abin da rufe ƙofar ke tunawa ke nan.

Amma kuɗi ne tushen rigimar. A 1628 majalisa ta tilasta masa amincewa cewa ba zai ɗora haraji ba sai da yardarta. Shekara na zagayowa ya sallame ta, ya yi shekara 11 yana mulki shi kaɗai, yana tatsar harajin jiragen yaƙi har daga garuruwan da ba su san bakin teku ba. Wani attajiri mai suna John Hampden ya ƙi biya, aka kai shi kotu. Da yaƙi da Sukotlan ya ƙarar da baitulmali a 1640, dole sarki ya kira majalisar da ya raina. Mai roƙo kuwa ba ya gindaya sharaɗi.

Masu cewa fille kan sarki a 1649 ne ya 'yantar da majalisa su je su tambayi Oliver Cromwell, jagoran sojojin majalisar, wanda ya kore ta da sojoji a 1653. Takobi bai ba ta komai ba. Abin da ya ɗore shi ne sulhun 1689, lokacin da William da matarsa Mary suka karɓi sarautar Ingila bisa sharaɗin ba haraji, ba ajiye sojoji lokacin zaman lafiya, sai majalisa ta yarda.

Masu kawo mana labarin bikin su daina tsayawa kan keken doki da kambin zinariya, su faɗa wa mai sauraro dalilin da ya sa har yau sarkin Ingila ba ya taka zauren wakilai alhali suna zama.