Ina duba-gari ya shiga?

A watan Maris na 2021, ana dab da shiga azumi, asibitocin Kano suka cika da mutane masu amai da jiri da fitsarin jini. Ɗaruruwa suka kwanta, wasu kuma suka riga mu gidan gaskiya. Da hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta gwada garin da aka haɗa musu abin sha da shi, wanda aka sayar da sunan ɗan tsami, sai ta tarar sinadarin masana'antu ne da bai dace ya shiga cikin ɗan Adam ba. Na tuno da wannan ne domin har yau ƙofar da gubar ta biyo a buɗe take.

Kullum ana jan hankalinmu mu duba lambar NAFDAC da ranar da wa'adin kaya zai ƙare. Shawara ce mai kyau, amma ga kayan gwangwani da kwalba da kwali take aiki. Matar da ke dafa zoɓo a gida tana ba yara talla ba buhu take saya ba, ɗan ƙulli take saya a leda. Rubutun yana jikin buhu, buhun kuma yana shagon babban dila, kuma da zarar an farke shi an ƙuƙƙulla, babu sauran mai iya sanin kamfanin da ya yi shi, balle ranar da zai lalace. Haka man gyaɗa da manja da ake aunawa a kwalba suke, haka madarar gari da ake sayarwa da cokali, haka hatsin da ake awo a tiya. Mafi yawan abin da talaka ke ci ba ya zuwa da rubutu ko kaɗan.

Wake ya ishe mu misali. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a cikinsa, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Su suna da mai gwada kaya a bakin iyaka, mu kuwa irin wannan waken muke auna wa iyalanmu ba tare da kowa ya duba ba. Ga kuma ayaba da mangwaro da ake nunarwa da sinadarin da masu walda ke aiki da shi, abin da NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kai.

NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, hukumar tarayya ce, kuma ba ta da ma'aikatan da za su tsaya a kowane lungu na kasuwannin Singa da Dawanau a Kano. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora kula da kasuwanni da mayanka da gidajen burodi da wuraren sayar da abinci a wuyan ƙananan hukumomi. Aikin duba-gari ke nan, wanda iyayenmu ke ba da labarin cewa har tulun ruwa yake leƙawa, kuma mahauci ba ya rataye nama sai ya gani.

Abin da nake nema ba shi da tsada. Kowace ƙaramar hukuma ta ajiye duba-gari a babbar kasuwarta duk ranar da take ci, tare da haɗin kan shugabannin 'yan kasuwa. A kuma wajabta wa duk wanda ya farke buhun wani garin da ake zubawa a abinci ya ajiye buhun a shagonsa har kayan su ƙare, domin idan mai zoɓo ta tambaya a nuna mata rubutun da idonta.