"Ai kaɗan nake sha," shekara 40 kenan ana faɗa

Waɗanda suka saurari muryar da ake ta turawa a guruf ɗinmu na 'yan Jidda sun san inda na dosa. An kai dattijo asibiti numfashi na sarƙe masa, likita ya tambaye shi karan sigari nawa yake sha a rana kuma tun yaushe, shi ne aka dawo ana zagin likitan, wai ya ci zarafin babba a gaban 'ya'yansa. Ma sha Allah, ashe guruf ɗin cike yake da ƙwararrun huhu ba mu sani ba!

Jama'a, lissafi likitan yake yi, kuma ko'ina haka ake yin sa. Kwali ɗaya kara 20 ne. Kwalin da kake ƙararwa a rana ake ninkawa da shekarun da ka yi kana sha. Baba ya ce rabin kwali "kawai", ya kuma fara tun yana ɗan 18, yanzu ya haura 58. Rabi sau 40, ya ba ka 20. A Amurka tun 2021, wanda ya kai wannan 20 ɗin, shekarunsa tsakanin 50 da 80, shawara ake ba shi ya riƙa ɗaukar hoton CT na huhu kowace shekara don gano kansa da wuri, ko da ya daina sha cikin shekara 15 da suka wuce. To ina cin zarafin?

Shekarun su ne bala'in. Shekarun! Kowa yana ƙirga kararen yau, babu mai ƙirga shekarun baya, alhali a kansar huhu daɗewar da ka yi kana sha ta fi yawan abin da kake sha a rana nauyi. Huhu kamar littafin bashin mai baƙala (kanti) yake, kai ka manta, shi bai goge ba. Kuma zuciya ma ba ta san "kaɗan" ba: binciken da ya fito a mujallar likitoci ta BMJ a 2018 ya nuna kara ɗaya a rana tana ɗauke da kusan rabin haɗarin ciwon zuciyar mai shan 20.

Kar wanda ya zo mini da kakansa da ya sha taba har ya kai 90. Allah ya jiƙansa. Abokan shansa fa, suna ina? Ajali kuwa na Allah ne, mun yarda, amma ba mu ga kuna tsallaka titin Madina ido a rufe ba.

Wallahi tausayin Baban nake ji. A Ingila an bi likitoci masu shan sigari tun 1951 har shekara 50, aka ga suna rasa kusan shekara 10 na rayuwa, amma wanda ya daina yana ɗan 50 ya rage wannan haɗarin da kusan rabi. Ku 'ya'yansa, maimakon fushi da likita, ku kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya, ku tambayi asibitin daina shan taba.

Ku kuma samarin istiraha (wurin hutawa da hira) masu cewa "mu shisha kawai muke ja", Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta faɗa tun 2005 cewa zaman awa ɗaya na iya kai hayaƙin kara 100. Abin da ma ya fi ba ni mamaki, tun 2017 aka ninka kuɗin taba da haraji a nan Saudiyya, amma mutumin da ke kuka da kuɗin sabunta iƙama (takardar izinin zama) bai taɓa rasa na kwali ba. Wa ke ba ku rancen ne?