Da kuɗina na sayi rautar, me ya sa aka toshe mini ƙofar gyara?

Kwana uku ke nan ina fama da wata 'yar rauta (na'urar raba intanet ta Wi-Fi) da ba ta kai tafin hannu ba, kuma wallahi raina a ɓace yake. Ina tsakiyar ɗora mata OpenWrt, manhajar da ake sa wa rauta a madadin ta kamfani, aka ɗauke wuta, ɗorawar ta tsaya a rabi. Tun daga nan fitilarta sai ƙyaftawa, ba Wi-Fi, ba ta amsawa ta waya. Hanya ɗaya ta rage: in shiga ta siriyal, wato ƙofar gyara da ke kan allonta, in tare U-Boot (ƙaramar manhajar da ke tada ta) kafin ya wuce, in sake tura mata manhaja ta TFTP, hanyar tura fayil daga kwamfuta.

Na ɓalle murfi ina neman fil huɗu na siriyal a jere. Ina! Sai wasu ɗigo-ɗigon tagulla kamar ƙwayar gero, ko harafi ɗaya babu a gefensu. Don Allah rubuta TX (mai aikawa), RX (mai karɓa) da GND (na ƙasa) nawa zai ci wa kamfani? Fenti ne fa kawai! Su da kansu sun san amfanin wurin, shi ya sa suka saka shi, amma mai saye ne ba a so ya gane. Haka na kwana da mita ina lalube: ɗigon da mita ta yi ƙara in na haɗa shi da ƙarfen USB shi ne GND, wanda wutarsa ke rawa ƙasa da volt 3.3 lokacin tashi shi ne TX. Wajen liƙa waya da dalma, zafin ƙarfen liƙin ya kusa ɗage ɗigon daga allo, hannuna har karkarwa yake.

Shi kuma mai shagon da ya sayar mini da adaftar da ke haɗa kwamfuta da siriyal, rantsuwa ya yi mai 3.3 ce. Na auna, 5 take fitarwa. Da na jona kai tsaye da ƙila ta ƙone ƙafar cif ɗin, wa zai biya ni?

Da na samo wata, na sa PuTTY, manhajar karanta siriyal a kwamfuta, a gudun 115200, rubutu ya zubo tar. Amma in danna maɓalli, shiru. Daƙiƙa ɗaya tak U-Boot ke jira, na kashe na kunna ya fi sau talatin. Sai da na bi layin RX da gilashin ƙara girma na ga gurbin razista, ɗan abin da ke haɗa layin, wayam, ba a ma saka ta ba. Wato ka ji ta, amma kada ta ji ka. Wannan ai zalunci ne! Abin da bai kai kuɗin alawa ba aka hana, don in jefar in sayi sabuwa.

Ba zan jefar ba. Daren nan, in wuta ta zauna, zan haɗe gurbin da dalma.