Wasan da yake koya wa ido haƙuri

Jama'a, akwai wani nau'in wasan kwamfuta da nake ganin ana raina shi babu dalili, yau kuma ina so in tsaya masa. Shi ne wasan neman abin da aka ɓoye a cikin hoto, musamman wanda ake ɗora shi a kan labarin ɗan bincike da ke kutsawa duniyar tatsuniya. Duk sanda na ambace shi a majalisa, sai wani ya taɓe baki ya ce ai wasan yara ne. Mai faɗin haka bai taɓa zama minti ashirin yana ƙura wa ɗaki guda ido yana neman ɗan makulli ba.

Ga yadda abin yake ga wanda bai sani ba. Za a nuna maka wuri ɗaya cike da tarkace: tsohon ɗakin karatu, ko rumbun ajiya, ko bakin rijiya da ciyawa ta rufe. A ƙasan allo akwai jerin abubuwan da ake so ka nemo. Cokali ya saje da ƙarfen taga, maciji ya kwanta cikin igiya, wuƙa ta shige cikin zanen labule. In ka gama, ɗaya daga cikin abubuwan zai shiga jakarka, da shi za ka buɗe wata ƙofa can gaba, ko ka gyara wani inji, ko ka karanta wasiƙar da za ta juya binciken gaba ɗaya.

Kamfanin Big Fish Games na birnin Seattle a Amurka ne ya yi wa wannan salo suna, da jerin Mystery Case Files. Na farko, Huntsville, ya fito a 2005, kuma kusan neman kaya ne zalla, labarin ɗan kaɗan. A ƙarshen 2006 aka saki Ravenhearst, inda kake shiga wani tsohon gida a Ingila kana harhaɗa yagaggun shafukan littafin sirrin wata mata mai suna Emma, har ka gano abin da ya same ta. Da Return to Ravenhearst na 2008 ne aka fara yawo sosai daga ɗaki zuwa ɗaki da jakar kaya. Daga nan wasan ya tashi daga duba hoto ya koma tafiya.

Amma wanda ya sace min zuciya shi ne Dark Parables na kamfanin Blue Tea Games, da ya fara a 2010. A nan kai ne mai binciken tatsuniya. Ana ɗauko labaran da Turawa ke ba 'ya'yansu da dare, irin waɗanda 'yan'uwan nan biyu Jamusawa, Grimm, suka fara bugawa a 1812, sai a ce: to, bayan an ce ƙurunƙus, me ya biyo baya? A wasa na farko, ƙayar da ta kewaye gimbiya mai dogon barci ce ta sake tsirowa a wata tsohuwar fada a Edinburgh. A na biyu, a Baƙin Daji na Jamus, wata budurwa ta ɓace, sawu kuma ya kai ka ga yariman da aka taɓa mayarwa kwaɗo. Ashe sumbar gimbiya ba ta kawo ƙarshen wahalarsa ba. Ya rayu shekaru aru-aru, matansa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya suna barinsa. Wallahi da na kai ɗakunan da ya keɓe wa kowace cikinsu, sai da na dakata na daina danna komai na ɗan lokaci.

Akwai wata dabara a Dark Parables da ta fi dacewa da mu. Yawancin irin waɗannan wasanni da Turanci suke rubuta jerin kayan, kuma Turancin yana da tarko: kalmar da ke nufin jemage ita ce ke nufin sandar buga ƙwallo, sai ka yi ta neman tsuntsun dare alhali itace ake so. Shi kuwa Dark Parables hoton gutsattsarin abu yake nuna maka, ka tsinto su ɗaya-ɗaya har su haɗu su zama kambi ko fitila. Ba ka buƙatar ƙamus.

Na ga amfanin wannan da idona. 'Yar ƙanwata, shekararta takwas, ba ta gama iya karatun Turanci ba. Wata ranar Asabar ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. Saura gutsure ɗaya, na duba har idona ya fara ruwa, na kai hannu zan danna maɓallin taimako. Ta riƙe min hannu ta ce, "Kawu, tsaya tukuna." Ta yi shiru, ta matso da fuska har numfashinta yana taɓa gilashin. Can sai ta ɗora yatsa a kan fiffiken wani mutum-mutumin tsuntsu ta ce, "Ga shi nan, launinsa bai yi daidai da na sauran ba." Yarinyar da uwarta ke kukan ba ta iya zama wuri ɗaya, ta yi kusan awa guda ba ta motsa ba.

Shi ya sa raina yake ɓaci da yawancin irin waɗannan wasanni na waya da ake cewa kyauta ne. Suna ba ka wani ma'aunin ƙarfi da ke raguwa duk lokacin da ka shiga hoto. In ya ƙare, ko ka jira sa'o'i ko ka biya. Suna saka agogo yana ƙirga maka daƙiƙa, suna maimaita maka hoto ɗaya sau goma har ka haddace inda komai yake. Wannan ba dubawa ba ce, hadda ce da gaggawa. Tsofaffin kuwa ana ba ka awa ɗaya ka ɗanɗana, in ya yi maka ka saya sau ɗaya, ka yi ta bugawa babu intanet, babu mai kora ka.

Ban ce ba su da aibi ba. Da kamfanoni suka ga kasuwa ta buɗe, sai suka riƙa fitar da su kamar ƙosai, labari iri ɗaya, mugu iri ɗaya, kowace ƙofa da rabin tambari da ya ɓace. Kuma ina roƙon iyaye su fara bugawa kafin su miƙa wa yaro, domin akwai tsafi da fatalwa a ciki, Ravenhearst ma bai dace da ƙaramin yaro ba sam. Ni da 'yar ƙanwata akwai wuraren da nake tsallakewa, akwai kuma inda nake tsayawa in ce mata wannan ƙirƙira ce kawai, kamar su Gizo da Ƙoƙi.

Asabar mai zuwa za mu fara Dark Parables na uku, na Sarauniyar Ƙanƙara. Ta riga ta sa ni na yi mata alkawarin ba zan taɓa maɓallin taimako ba sai ta ce ta gaji.